Motar Ofis Ta Samu: A Sayar da ta Gida, ko a Dakata?

Duk wanda ya taɓa riƙe ofishin kula da motoci na wata ma'aikata, ya kuma zauna cikin dillalan mota a bakin titi, ya san wannan labari tun kafin a kai ƙarshensa. Mutum ya sami ƙarin girma, ko sabon aiki a Abuja, an damƙa masa makullin mota mai sheƙi. Sati bai zagayo ba ya kira dillali ya ɗauki hoton tsohuwar Corolla ɗinsa. Kuɗi suka shigo, aka yi wa ɗaki silin, aka biya kuɗin makaranta, aka sallami wane da wance. Shekara ba ta cika ba sai ga shi a tasha da asuba yana jiran motar Nyanya, domin an canza masa sashe, motar kuwa ta sashen ce.

Akwai kuma wanda ya ƙi sayarwa ya kuma ƙi hawa. Ya kafe motar a gindin mangwaro, damina biyu ta wuce a kanta, ɓeraye suka tare a cikin injin, ranar da ya buƙace ta sai da aka ja ta da igiya zuwa gareji.

Na yi aikin ofis ɗin, yanzu kuma ina dillanci a nan Keffi, kuma waɗannan kurakurai biyu ne nake ta gani suna maimaituwa. Dillali la'ada yake ci, don haka in son raina zan bi, cewa zan yi kowa ya sayar. Amma mafi yawan masu zuwa wurina a makon farko da samun motar ofis, ina ce musu su koma gida su dawo bayan wata shida. Ga yadda ake yanke wannan shawara daki-daki. Da "kai" zan yi magana don sauƙi. Mata ma'aikatan banki da na ƙungiyoyin agaji da ake ba mota, ku ma da ku nake.

Abin da za ka tanada

- Takardar ɗaukarka aiki ko ta ƙarin girma, da rubutacciyar ƙa'idar motoci ta ma'aikatar. In an ce babu, ka roƙa a rubuta maka sharuɗɗan a sa hannu.
- Takardar albashinka ta watan da ya gabaci zuwan motar, da ta watan da ya biyo baya.
- Takardun motarka na asali: na kwastan, shaidar mallaka, lasisin mota, shaidar lafiyar mota ta VIO, inshora, da rasit ɗin saye.
- Makanike na amana, wanda ba shi da rabo a cinikin.
- Littafi da biro.
- Maiɗakinka, ko maigidanki, da duk wanda motar take ɗauka a gidan.

Mataki na 1: Gano irin motar da aka ba ka

Motocin da ma'aikatu ke bayarwa iri uku ne, kuma shawararka ta rataya a kan wacce ce a hannunka.

Ta farko motar aiki ce zalla, irin Hilux ɗin ƙungiyoyin agaji da na masu raba kaya. Tana da littafin rubuta kilomita, sau da yawa da na'urar bin sawu a jikinta, wani lokaci har da direbanta, kuma kafin magariba ta koma harabar ofis. An hana ɗaukar wanda ba ma'aikaci ba, ko da ɗanka ne. Wanda aka ba irin wannan bai sami mota ba, an dai rage masa kuɗin man zuwa aiki. Kada ya ma fara zancen sayar da tasa.

Ta biyu motar muƙami ce. Kana tafiya gida da ita, kana zuwa masallacin Juma'a ko coci da ita, amma ta kujerar ce. Ranar da ka tashi daga kujerar, ko da ƙarin girma ne ya tashe ka, ana iya cewa ka ajiye makulli.

Ta uku ita ce wadda wasu kamfanoni, musamman bankuna, ke bai wa manyan ma'aikata da sharaɗin bayan shekara 4 ko 5 za ta zama tasu, bayan sun biya ɗan abin da ya rage. Wannan ce kaɗai ke kan hanyar zama taka. Ita ma ka karanta abin da aka rubuta game da wanda ya bar aiki a shekara ta biyu: cikon kuɗi zai biya nan take, ko motar zai mayar?

Da ka san irinta, sai ka bi takardar da biro kana neman amsar waɗannan. Wa aka yarda ya tuƙa ta? Idan sunanka kaɗai ke cikin sharaɗin, ranar da ƙaninka ya ɗauka ya je sayo gas ya goge wani a shatale-tale, kamfanin inshora na iya ƙin biya, ma'aikata kuma ta cire daga albashinka, in ma abin ya tsaya nan. A ina aka ce ta kwana? Wannan tambaya ta 'yan Keffi ce musamman, domin akwai ma'aikatun Abuja da ba sa son motarsu ta riƙa ƙetare iyakar birnin tarayya da dare, mu kuwa kimanin kilomita 50 ne tsakaninmu da birnin. Lita nawa ake ba ka a wata? Zuwa da dawowa kilomita 100 ke nan. Motar da ke shan lita ɗaya a kilomita 10 za ta sha lita 10 a rana, wato 220 a kwanakin aiki 22, ba a sa cunkoson Masaka da Mararaba ba, inda injin ke ci mota ba ta motsi. Idan katin manka na lita 150 ne, ragowar daga aljihunka za ta fito, kuma babbar motar ofis ta fi ƙaramarka zuƙa. Wa ke biyan tolget? Tun watan Fabrairun 2025 ake karɓar kuɗi a kan hanyar Keffi zuwa Akwanga, Lafia da Makurdi. Idan ka tafi hutun shekara fa, ko jinya, tana hannunka ko ana karɓa?

Sannan ka jera takardun albashin nan biyu. Wasu ma'aikatu suna yanke alawus na sufuri da zarar sun ba da mota. Dokar harajin albashi kuma tana ɗaukar motar ofis a matsayin wani amfani da kake samu, tana lissafa kashi 5 cikin 100 na kuɗin da aka saye ta a matsayin ƙarin abin da ke shigo maka a shekara. Motar miliyan 30 ke nan za ta ƙara miliyan 1.5 a kan adadin da ake yanka maka haraji a kai. Ba miliyan 1.5 ɗin za ka biya ba, amma za ka ga albashi ya ɗan rame, gara ka san dalili.

Mataki na 2: Auna ƙarfin kujerar

Zanen aro ba ya rufe katara. Idan sabon aiki ne kuma kana cikin watannin gwaji, uku ne ko shida, ba a maganar sayarwa sai takardar tabbatarwa ta shigo hannu. Idan aikin kwangila ne da ake sabuntawa duk shekara, ko wani shiri ne da ke tafiya da kuɗin masu tallafi daga waje, ka duba ranar ƙarewar shirin, domin ita ce ranar ƙarewar motar.

Kada ka ce ai wurinmu babba ne. A ranar 3 ga Yunin 2024 Babban Bankin Nijeriya ya soke lasisin bankin Heritage, hukumar NDIC ta karɓi ragamar dukiyarsa, kuma motocin aiki suna cikin dukiyar da ake ƙirgawa a irin wannan hali. A watan Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa ta hannun USAID, shirye-shirye da dama a ƙasar nan suka tsaya cak. Gwamnati ma ba ta tsira ba: a 2003 gwamnatin Obasanjo ta mayar da yawancin alfarmar ma'aikatan tarayya, har da mota da gida, zuwa kuɗin alawus, aka yi gwanjon motoci masu yawa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya faru saboda laifin ma'aikacin da ke riƙe da makulli.

Ka duba wa'adin sallama da ke takardarka. Idan wata ɗaya ne, ka tambayi kanka ko za ka iya fitar da kuɗin mota cikin kwana 30, a daidai lokacin da albashi ya tsaya. Shi ne lokacin da mutum ya fi buƙatar abin hawa, don yawon neman wani aikin.

Mataki na 3: Ƙirga tafiye-tafiyen da motar ofis ba za ta yi ba

A nan littafi da biro ke aiki. Wata guda cur, duk fitar da aka yi a gidanka wadda ba ta ofis ba, a rubuta: rana, inda aka je, wa ya je, da wace mota. Kai yara makaranta da ɗauko su, alhali kai ka bar gida tun ƙarfe biyar da rabi don ka riga cunkoso. Cefanen wata. Awon ciki a Cibiyar Lafiya ta Tarayya. Kai wa ɗiya kayan abinci a ɗakinta na Angwan Lambu kusa da jami'a. Ɗaurin aure a Nasarawa, ta'aziyya a Garaku, leƙa gona ta hanyar Gitata, ɗauko buhunan masara da kaka. Ka ƙara da waɗanda ba sa zuwa kowane wata amma ba makawa sai sun zo: tafiya gida da Sallah ko Kirsimeti, da daren da zazzaɓin yaro ya ƙi sauka ƙarfe biyu, babu ɗan acaɓa babu Keke.

Kuskuren maza a nan shi ne su yi lissafin su kaɗai. Mutumin da ke yini a Abuja bai san sau nawa motar take fita a bayansa ba, ko sau nawa da za ta fita da akwai mai tuƙa ta. Ka zauna da maiɗakinka ku karanta littafin tare. Na ga gidajen da amsar ta fito a zama ɗaya: uwargida ta shiga makarantar koyon tuƙi, ta yi lasisi, magana ta ƙare. Na kuma ga inda aka duba aka tarar a wata guda motar gida sau biyu ta fita, duka biyun kuma Keke zai iya yi. Irin wannan gida yana ciyar da mota ne don maƙwabta su gani.

Mataki na 4: Lissafi biyu, na riƙewa da na komawa

Na riƙewa shi ne mai sauƙi. Inshorar dole ta motar gida naira 15,000 ce a shekara tun Janairun 2023, lokacin da hukumar NAICOM ta ɗaga ta daga 5,000, kuma tun Fabrairun 2025 'yan sanda suka tsananta bincikenta. Idan cikakkiyar inshora kake yi, ba ta gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar. Ka haɗa da sabunta takardu, juyen baƙin mai sau biyu ko da motar ba ta yi tafiya ba, rabon kuɗin batir da taya, da man da za a riƙa motsa ta da shi. Ka tambayi makanikenka babban gyaran da ke tafe, giyabos ne ko injin ya fara shan baƙin mai, ka sa shi a ciki.

Na komawa shi ne wanda kusan kowa ke tsallakewa. Tambayar ita ce: in na sayar yau, gobe na buƙaci irinta, nawa zan cika? Ka sa dillalai uku su taya motarka. Sannan ka aiki wani wanda ba su sani ba ya tambaye su farashin irinta, shekara ɗaya, lafiya ɗaya. Ka leƙa Jiji da shafukan Facebook, ka tsaya a wuraren sayar da motoci na bakin titin Masaka zuwa Mararaba. A ce, misali, an taya taka miliyan 6, irinta kuma ana cewa 7. Wannan miliyan ɗaya ta tafi. Ƙara la'ada sau biyu, ta sayarwa da ta saye, da kuɗin sabuwar rajista, da gyaran da ba makawa sai ka yi wa motar da ba ka san tarihinta ba. In duka ya kai miliyan ɗaya da rabi, riƙewa kuma tana cin 300,000 a shekara, to sayarwa da sake saye daidai yake da kuɗin riƙon shekara biyar. Lambobin nan misali ne, ka sa naka.

Akwai kuma naira. A littafin lissafi mota kullum faɗuwa take yi, amma a ƙasar nan kusan duk motocin da muke hawa shigo da su ake yi, da dala ake sayo su, da farashin dala kuma kwastan ke yanka haraji. A farkon Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya sayar a farkon 2023 ya bar kuɗin a asusu, da ya dawo kasuwa bayan shekara, abin da ke hannunsa bai isa ya mayar da motar da ya rabu da ita ba. Hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024. Sai dai kada wannan ya sa ka ɗauki mota a matsayin jari. Naira ta ɗan natsu a 2025, motar kuwa ba ta daina tsufa ba, ba fili ba ce.

Irin motar ma yana da magana. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a Oktoban 2024, masu saye suka koma neman mota mai fulogi huɗu. Corolla da ire-irenta ba sa kwana a kasuwa, kayan gyaransu kuma ko'ina akwai. Mai fulogi shida, ko wadda sai an je Apo ko Zuba kafin a sami kayanta, ita ce ke daɗewa ana kallo ana wucewa. Idan irin wannan ce a gidanka, ni shawarata ka rabu da ita, ko ka musanya da ƙarama.

Mataki na 5: Zaɓi, da maganar dangi

Yanzu kana da abin yanke hukunci. Motar aiki zalla, ko kujera mai rawa, ko littafi cike da tafiye-tafiye: riƙe. Motar da za ta zama taka, aikin da ya tabbata, littafi kusan fayau, ga babban gyara na tafe: sayar. Abin da ya faɗo tsakani, ka ba shi wata shida ka sake dubawa. Jira ba ya cin komai sai ɗan kuɗin riƙo, sayarwa kuwa ba a kwance ta.

Amma kafin ka gama lissafinka wani ya riga ya gama nasa. "Yaya, ai yanzu biyu gare ka." Wannan magana za ta zo, daga ƙane, ko suruki, ko ta bakin Hajiya, wanda ya fi wuyar amsawa. Taimakon ɗan'uwa abu ne mai kyau, abin da ke ɓata shi rashin suna. Ka faɗi ko mene ne. In kyauta ce, ka ce kyauta ce, a canza takardu zuwa sunansa, ka cire ranka. In aro ne, a faɗi wa ke sayen taya, wa ke gyara in ta lalace, kuma ranar da ka ce a dawo da ita ba sai an kira taron dangi ba. In sayarwa ce bashi, a rubuta adadi da wa'adi a gaban shaidu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take, don haka ba rashin kunya ba ne ka miƙa wa ƙaninka biro.

Sai masu cewa a sa ta kabu-kabu tsakanin Keffi da Nyanya, ko a ba wani ya yi Bolt a Abuja yana kawo balas. Ana samu, amma ka shiga da ido buɗe. Motar da ke wannan hanya sau uku a rana da mutum shida a ciki tana yin tsufan shekara uku a shekara ɗaya. Watannin farko balas na zuwa daidai, daga nan sai ya fara zuwa da labari. Inshorar motar gida ba ta ɗaukar nauyin motar da ke haya, kuma lamba mai shuɗin rubutu ta gida ce, ta haya ja ce. Mafi muni, hanyar nan ta yi ƙaurin suna da masu ɗaukar fasinja su yi musu fashi. Duk abin da aka aikata da motar, lambarta gidanka za ta kawo 'yan sanda. Wanda ba shi da lokacin bin direba da makanike, ma'aikacin da ke fita da asuba kuwa ba shi da shi, ya bar wannan sana'a ga masu ita.

Mataki na 6: Idan riƙewa za ka yi

Mota da tafiya take rayuwa. Tayar da ita a tsakar gida na minti biyar ba ya cika batir, ba ya kuma ƙone danshin da ke taruwa a injin da salansa. Sau ɗaya a mako a fita da ita titi na minti 20 zuwa 30, a taka birki, a kunna esi. Abin da ya fi sauƙi, ka mayar da ita motar Asabar da Lahadi. Ka sama mata rumfa, domin ranar bazara tana fasa dashbod, ruwan damina kuma yana sa birki tsatsa. In za ta daɗe a tsaye a wuri mai shimfiɗe, a sa mata dutse a taya maimakon jan birkin hannu, don yakan manne. Kada a bar abinci a ciki saboda ɓera, kada kuma fetur ya yi watanni a tanki, yana lalacewa. Taya tana tsufa ko ba ta taka ƙasa ba: lambobi huɗun da ke gefenta mako ne da shekarar da aka yi ta, 2321 na nufin mako na 23 a 2021, kuma hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC shekara huɗu take ba taya. Takardu kuma kada su mutu, ranar gaggawa ba ranar zuwa ofishin lasisi ba ce.

Mataki na 7: Idan sayarwa za ka yi, sama wa kuɗin wuri tukuna

Kuɗin mota in suka sauka a asusun albashi, ba a sanin inda suka bi. Kafin ka kira dillali ka san inda za su kwana: biyan bashin da ke cin ka, fili mai takarda, ko wata ajiya da ba a taɓawa da katin ATM. Mai gudun kuɗin ruwa yana da Sukuk na gwamnatin tarayya, da ake fitarwa lokaci-lokaci tun 2017, da bankuna irin su Jaiz da TAJ. Ko ina ka kai su, ka bar wani kaso inda za ka iya cirowa cikin wata guda, shi ne kuɗin motarka ta gaba. Ka kuma tuna motar hawa ba a yi mata zakka, amma kuɗinta in sun kai nisabi suka shekara a hannunka, ana fitar da ɗaya cikin arba'in.

Mataki na 8: Ciniki da takardu

A wanke ta ciki da waje, a gyara ƙananan abubuwa irin fitila da madubi. Kada ka yi mata sabon fenti, mai saye zai ɗauka haɗari ake ɓoyewa, kuɗin kuma ba ya dawowa. Aibin da ka sani ka faɗa. Addini ya wajabta, kuma Keffi ƙaramin gari ne, za ku haɗu a wurin jana'iza.

Ku yanke la'ada da dillali tun kafin ya ɗauki hoto, ka kuma ce kana son ganin mai saye ido da ido. Dillalin da ya ƙi haɗa ku, ya ɗora nasa ne a kan farashinka. Kada ka bar masa motar da takardun asali, kwafi ya isa a nuna. Gwaji da rana ake yi, kai ko yaronka a ciki, a hanyar da ka zaɓa. Kafin alƙalami ba sallamawa ba ne: a rubuta ranar cikawa, da abin da zai faru in ba a cika ba.

Wajen biya ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Saƙon alat na waya ana ƙirƙirarsa. Ka buɗe manhajar bankinka da kanka ka ga kuɗin sun zauna, ko ku tafi banki tare. Wanda ya zo da yammacin Juma'a yana sauri, yana cewa netwok ne ya riƙe kuɗin, ya dawo Litinin. Tsabar kuɗi ma akwai iyaka: dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar fiye da naira miliyan 5 hannu da hannu ba ta banki ba.

Sannan yarjejeniya a rubuce, kwafi biyu: cikakken suna da adireshin kowa, lambar shasi da ta injin kamar yadda suke a jikin motar, farashi, kwanan wata har da ƙarfe nawa aka miƙa makulli, sa hannun shaidu biyu, da kwafin katin shaidar mai saye. Sa'ar tana da amfani, domin in motar ta buge wani a daren, ita za ta nuna a hannun wa take. Ka riƙe kwafin duk takardar da ka miƙa.

Abu na ƙarshe shi ne wanda aka fi sakaci da shi. Hukumar FRSC ta sha nanata cewa lambar mota ta mai motar ce, da sunansa take a rajista. A kasuwa an saba sallama mota da lambarta, mai saye ya ce zai canza, ya yi shekaru bai canza ba, ya sayar wa wani, wani ya sayar wa wani, duk da sunanka. Ko dai ka cire lambarka ya yi tasa, ko ku je ofishin lasisin motoci tare a cikin makon a yi canjin mallaka, da takardar rantsuwa ta kotu in an nema. Ka sanar da kamfanin inshora a rubuce cewa motar ta bar hannunka, in kuma ka taɓa sa mata na'urar bin sawu, a cire ko a mayar da ita kan lambar wayar sabon mai ita.